Alƙalami Namu, Tawada Tamu, Takardar Fa?

Da wuya Bahaushe ya wuni bai ambaci takarda ba. Wanda ya sayi fili, sai ya riƙe takarda hankalinsa yake kwanciya. Wanda ya gama makaranta, takarda yake nunawa a ba shi aiki. Da takarda alƙali yake sammaci, da ita likita yake tura majiyyaci kantin magani, kuma idan zama ya ƙi daɗi akan ji mace ta ce a ba ta takardarta. Hatta kuɗin da muke kashewa mun raba shi gida biyu, na ƙarfe da na takarda. Duk da wannan kusanci, ban taɓa jin yaro a unguwarmu ya ce idan ya girma takarda zai riƙa yi ba. Ni kaina sai da na kai shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun kimiyyar sinadarai, na san cewa yin takarda fanni ne mai zaman kansa, da malamansa da ɗakunan gwajinsa, har mutum yakan yi digiri na biyu da na uku a kansa. Wannan fanni nake neman zurfafa karatu a ciki, kuma ina so in faɗi dalili.

Kalmar kanta baƙuwa ce. Masana harshe suna ganin daga bakin Buzaye muka karɓe ta, su kuma ta iso musu daga gaɓar Bahar Rum, kuma asalinta ɗaya da ƙirɗasin Larabawa. Hanyar da sunan ya biyo, ita abin ya biyo. A ƙasar Sin aka fara yin takarda, inda tarihi ya riƙe sunan wani bafade, Tsai Lun, wanda a shekarar 105 miladiyya ya kai wa sarki takardar da aka yi da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarunan masunta. A ƙarni na 8 sana'ar ta kai Samarƙandi, kafin ƙarnin ya ƙare ta kai Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashid. Daga nan ta bi Sham da Masar da Magrib har Andalus, sannan ta tsallaka Italiya. A garin Fabriyano, wajen ƙarshen ƙarni na 13, masu sana'ar suka fara ɗinka siririyar waya a jikin rariyar da suke kwasar ƙullun takarda, ta yadda kowane falle zai fito da tambarin gidan da ya yi shi, tambarin da ba a gani sai an ɗaga takardar an haska.

Ƙasar Hausa kuwa ta daɗe da rubutu. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki. Katsina ta yi Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa. Idan aka dubi kayan aikin waɗannan malamai, kusan komai na gida ne. Alƙalami daga kara aka feƙe shi. Tawada daga bagaruwa ko gawayi aka dafa ta, aka ɗaure ta da ƙaro. Gafaka kuwa majema suka jeme fatar, dukawa suka ɗinka. Abu ɗaya ne sai an jira ayari, wato takarda. Raƙuma suke ɗauko ta daga Tarabulus, su ratsa Sahara ta Gadamas da Gat da Agadas. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da takarda mai tambarin jinjirin wata uku ta cika kasuwa, har ana naɗe tufafin da aka saƙa a gida da ita. A arewa maso gabashin Italiya ake yin irinta, kuma sunan gidan Andrea Galvani na garin Pordenone yana cikin waɗanda masu bincike suka fi cin karo da su idan sun haska littattafanmu. Ilimin namu ne, amma shimfiɗar da ya kwanta a kai ta aro ce.

Abin da ya fara jawo ni cikin wannan tunani littattafai biyu ne da suke akwati ɗaya a gidanmu. Ɗaya littafin fiƙihu ne rubutun hannu, wanda kakana ya gada daga malaminsa. Ɗayan kuma littafin koyon karatu ne bugun injin, wanda mahaifina ya yi firamare da shi. Na farko ya girmi na biyu da fiye da shekara ɗari, amma fallensa yana lanƙwasuwa ya miƙe kamar yadi, kuma idan na ɗaga shi a hasken rana ina ganin layukan rariya da jinjirin watan nan uku a jere. Na biyu ya yi ja kamar an zuba masa ruwan goro, kuma kusurwar shafi takan karye a hannu kamar busasshen ganye. Ɗaki ɗaya, zafi ɗaya, damina ɗaya suka sha. Tsoho ya tsaya da ƙafarsa, yaro ya tanƙware.

Amsar tana cikin sinadarai. Takarda tabarma ce ta silin tsirrai masu siranta, kowane sili kuma an gina shi da selulos, wato dogayen sarƙoƙi na ƙwayoyin sukari. Ba manne ake sa wa takarda ta haɗu ba. Akan kirɓa silin a cikin ruwa har jikinsa ya yi gashi-gashi, a kwaso da rariya, ruwa ya tsane, sannan yayin bushewa silin ya kama ɗan'uwansa da kansa. A kan injin zamani, ƙullun da ake kwararawa kan raga kusan kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne. Fallen da muke kira A4 mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita, giram 5 ne kacal, kaurinsa kuma wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, amma a cikin wannan siranta silin ya hau kan juna hawa-hawa. Tsawon sarƙoƙin selulos da tsawon silin su ne ƙarfin takarda. Duk abin da ya tsinka su, ya kashe ta.

Littafin kakana da tsumma aka yi takardarsa, tsumman kittani da makamantansa, waɗanda kusan tsantsar selulos ne. Masu sana'ar lokacin sukan wanke tsumma da ruwa mai alli, sannan su tsoma fallen a romon danƙon fata don kada tawada ta ɓaɓe. Timothy Barrett na Jami'ar Iowa a Amurka ya jagoranci gwajin tsofaffin takardu fiye da 1,500 ba tare da an yage ko ɗaya ba, aka ga waɗanda suka fi ƙarko sun fi yawan wannan danƙo da sinadarin alli. A ƙarni na 19 buƙatar takarda ta fi ƙarfin tsumma, sai Turawa suka koma ga itace. A 1807 wani Bajamushe, Moritz Illig, ya bayyana hanyar hana tawada ɓaɓewa da ƙaron itace da alam, irin alam ɗin da muke tace ruwa da shi. A shekarun 1840 wani ɗan ƙasarsu, Friedrich Keller, ya ƙera injin niƙa itace ya zama ƙullu. Takarda ta yi araha, jarida da littafin makaranta suka isa hannun talaka, amma arahar ta zo da cuta biyu. Itace yana ɗauke da liginin, wanda yake riƙe silin kamar yadda laka take riƙe tubali, kuma shi ne yake yin ja idan haske da iska sun taɓa shi. Alam kuma yana barin tsami a cikin takarda, tsamin ya riƙa tsinka sarƙoƙin selulos a hankali, shekara bayan shekara. Littafin mahaifina tun daga masana'anta ya fito da ajalinsa a jikinsa.

Bincike ne ya gano wannan cuta, bincike ne kuma ya samo maganinta. A shekarun 1950 William Barrow na jihar Bajiniya ya auna littattafan ɗakunan karatu ya nuna cewa tsami ne babban mai laifi. A 1994 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 9706, wadda ta ce kafin a kira takarda mai ƙarko sai ta kasance ba ta da tsami, tana ɗauke da garin alli aƙalla kashi 2 cikin 100 don ya tare tsamin da zai zo daga baya, kuma liginin ɗinta kaɗan ne ƙwarai. Wannan ya nuna mini cewa daɗewar littafi ko lalacewarsa abu ne da ake aunawa, ake kuma iya shiryawa tun daga tukunya.

Da na juyo gida, sai na tarar da wani labarin. Nijeriya ta gina manyan masana'antun takarda guda uku: ta Jebba a bakin Kwara, wadda ta fara aiki a 1969, da ta Oku Iboku a jihar Akwa Ibom ta yanzu, wadda aka yi don takardar jarida, da ta Iwopin a jihar Ogun, wadda aka yi don takardar rubutu da bugu. An dasa dazuzzukan malaina don ciyar da su. Kafin ƙarni na 20 ya ƙare duk sun durƙushe. Dalilan suna da yawa, akwai na shugabanci da na wutar lantarki da na kayan gyara, amma akwai ɗaya da ya shafi kimiyya kai tsaye. Silin malaina gajere ne, wajen milimita 1. Yana ba da takarda mai santsi, sai dai ba ta jure jan injin mai gudu sai an gauraya ta da dogon sili mai milimita 3 ko fiye, irin na itacen fayin na ƙasashen sanyi. Wannan dogon sili da kuɗin waje ake sayo shi. Ranar da kuɗin waje ya yi wuya, injin ya yi shiru. A yau mafi yawan takardar da ake buga littattafanmu da ita jirgin ruwa yake kawo ta. Idan naira ta faɗi, farashin rim ya tashi, littafi ya tashi, marubucin Hausa ya rage adadin bugu, uban yara kuma ya sayi littafin rubutu ɗaya ya raba wa biyu. Raƙumi ya zama jirgi, amma har yanzu jiran ayari muke yi.

A nan rama ta shigo. Mu mun san ta a kwaɗo da miya, mun kuma san ɓawonta da ake tufka igiya. A shekarun 1950 zuwa 1960 ma'aikatar gona ta Amurka ta gwada tsirrai wajen 500 tana neman wanda zai iya maye gurbin itace wajen yin takarda, rama ta fito a sahun gaba. A 1987 wata jarida ta garin Bakersfield a Kalifoniya ta buga fitowarta a kan takardar rama. Abin da ya ba ta wannan daraja shi ne tsiro ɗaya ne mai sili iri biyu. Ɓawonta, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshen kara, silinsa yana kai milimita 2 zuwa 3, ya kusa na fayin. Totuwar cikinta kuma silinta gajere ne, bai kai milimita 1 ba. Liginin ɗin ɓawonta bai kai na itace yawa ba, saboda haka dahuwarta ba ta cin sinadari da wuta sosai. Ga shi kuma cikin wata huɗu ko biyar take isa yanka, alhali itace sai an jira shekaru. Dogon silin da masana'antunmu suka rasa yana tsaye a gefen gonakinmu kowace damina.

A kan wannan na yi aikin binciken kammala digirina. Na sayi karan rama bayan kaka, na saɓule ɓawon, na dafa shi da soda irin ta masu yin sabulu, na wanke, na kirɓa a turmi. Kafinta ya haɗa mini rariya da katako da ragar sauro. Fallayen da na samu ruwan ƙasa ne, masu kaushi, kauri bai daidaita ba. Amma da na shafa musu sitaci suka bushe, na goge su da dutse mai santsi, wani almajiri maƙwabcinmu ya ja layi da tawadarsa, rubutu ya zauna daram. Iyakar abin da digiri na farko zai iya kai ni ke nan. Na san rama tana yin takarda, abin da wasu suka riga ni sani. Wace irin takarda, mai ƙarfin nawa, mai kwana nawa, da tsadar nawa, waɗannan sai da na'urar auna jan takarda, da ta auna yagewa, da mai ninke falle gaba da baya tana ƙirgawa har ya tsinke. Ɗakin gwajinmu ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Makarantu irin su Pagora ta Grenoble a Faransa, da Jami'ar Aalto a Finlan, da sashen fasahar takarda na Saharanpur a Indiya sun shafe shekaru suna wannan aiki. Indiya ta fi jan hankalina, domin can an saba yin takarda da tuƙar rake da tattakar alkama da ta shinkafa, kayan da mu ma muke da su muna ƙonawa.

Tambayoyi uku nake son ɗauka zuwa digiri na biyu. Ta farko ta tukunya ce: nawa ne gwargwadon ɓawo da totuwa da zai ba da takardar littafin rubutu, kuma shin kanwa ko ruwan toka za su iya tsaya wa soda a ƙaramar masana'anta? Japanawa sun daɗe suna dafa ɓawon itacensu da ruwan toka, kanwarmu kuma danginsa ce a sinadari. Ta biyu ta yanayi ce. Akasari ana gwada takarda a ɗaki mai zafin digiri 23 da laima kashi 50 cikin 100, ko digiri 27 da laima kashi 65 ga ƙasashe masu zafi. Babu ɗayansu da ya yi kama da Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda hunturu yake busar da iska har leɓe ya tsage, bazara ta haura digiri 40, sannan Agusta ya jiƙa komai har gishiri ya narke a kwano. Takarda tana kumbura idan ta sha laima, ta tsuke idan ta bushe, kuma tamu tana yin haka kowace shekara. Ina so in gina gwajin da zai kwaikwayi shekarar ƙasar Hausa a cikin akwati, in ga yadda takarda take tsufa a cikinsa.

Tambaya ta uku ita ta fi kwanta mini a rai. Rubuce-rubucen hannu suna nan jibge a Arewa House ta Kaduna, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan adana kayan tarihi na Jos, da ɗimbin zauruka waɗanda ba wanda ya ƙirga. Gara da asu suna ci, rufi yana yoyo, tawada mai ƙarfe kuma takan cinye gurbin harafi ta bar rami. Waɗanda aka rubuta a takardar itace ta zamanin Turawa sun fi tsofaffin saurin mutuwa. Masu gyaran irin waɗannan littattafai a duniya suna liƙa yagewa da wata takardar Japan mai siranta kamar yanar gizo, wadda ake yi da ɓawon itacen kozo mai dogon sili. Tsada gare ta, kuma malamin zaure ba shi da hanyar samunta. Silin rama bai kai na kozo tsawo ba, don haka dole a gwada shi tare da na yakuwa da tumfafiya da ɓawon kuka, wanda a ƙarni na 19 aka taɓa yin safararsa daga Angola zuwa Ingila don yin takarda. Idan ɗaya daga cikinsu ya ba da falle siriri marar tsami mai ƙarfi, to an sami abin ɗinke littafin Shehu da tsiron ƙasar Shehu.

Da na kai wa kawuna wannan shawara, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, duniya tana zancen kwamfuta kana zancen takarda? In ka dawo, wa zai ɗauke ka aiki?" Na ce, "Allah ya ja da ran Kawu, buhun simintin da aka gina shagonka da shi takarda ne, kwalin da ake kawo maka kaya ma haka." Ya yi dariya, amma bai janye tambayarsa ba, kuma tambayar tana da nauyi. Masana'antun da za su ɗauki mai irin wannan ilimi kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu tsohuwar takarda suke narkawa su yi kwali. Rama ma tana da nata cikas. Wata masana'anta da aka kafa a Khon Kaen ta Tailan a farkon shekarun 1980 don ta yi ƙullu da rama, daga baya ta koma ga gora da turare, saboda rama sau ɗaya ake girbe ta a shekara, injin kuwa kullum yake son ci, ga kara mai cin wuri da saurin ruɓewa a ajiya. Baƙin ruwan da yake fita daga tukunyar dahuwa kuma, in aka sake shi a rafi, kifi da dabbobi za su ɗanɗana. Duk wanda ya ce rama za ta tayar da Jebba gobe, ya faɗi abin da bai auna ba. Amma waɗannan cikas su ne ainihin aikin mai bincike. Da babu su, da manomi da ɗan kasuwa sun gama komai ba tare da jiran ɗalibi ba.

Zancen kwamfuta kuwa, ina maraba da ɗaukar hoton littattafanmu a adana, kuma ya kamata a hanzarta. Sai dai hoto yana ɗaukar rubutu ne ya bar takardar. Marubutanmu da yawa ba su sa shekara a ƙarshen kwafinsu ba, kuma sau da yawa tambarin da yake cikin falle da irin silinsa su ne shaidar da take nuna zamanin da aka yi kwafin da hanyar da takardar ta biyo. Da aka kwashe littattafan Timbuktu zuwa Bamako a rikicin 2012 zuwa 2013, an tsirar da su daga wuta, sai laimar Bamako ta zama sabuwar barazana, aka koma neman waɗanda suka san halin takarda. Na'urar da na fara ajiye aikina na aji ɗaya a jami'a ta daina buɗewa tun kafin in gama, ga littafin da aka rubuta kafin a haifi kakana yana karantuwa ba tare da caji ba.

Masu iya magana sun ce da yayyafi kogi kan cika. Burina bai kai gina masana'anta ba. Ina so in dawo da awo na gaskiya a kan ramar ƙasarmu, wanda duk mai son zuba jari zai iya dogara da shi, ko awon ya ce a yi, ko ya ce a dakata. Ina so in rubuta sakamakon da Hausa, boko da ajami, domin masu riƙe da littattafan nan a zauruka su san abin da yake cin dukiyarsu da yadda za su tare shi. Ina kuma fatan a wayi gari a kasuwar Kurmi, inda Barth ya ga takardar Italiya jibge, mai saye ya ɗaga falle ya haska, ya ga tambarin da aka ɗinka a Kano.